Bappana da Shayin da Ba Ya Tururi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Bappana ya rasu ranar Laraba da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Zan faɗi yadda abin ya kasance, domin na ga an fara yi wa labarin kwaskwarima tun ƙasar kabarin ba ta bushe ba.

Bappa yayan Babana ne. Shi da matarsa Yadikko suka ɗauke ni tun daga yaye, don Allah bai ba su haihuwa ba, a gidansu na unguwar Jekadafari na tashi. Da aka ce ya cika, Yadikko ba ta yi kuka ba, ta zauna bakin gado tana ta gyara masa hula. Goggo, ƙanwarsu, ita ta yi kukan gidan duka, tana yi tana cewa, "Na faɗa masa! Wallahi na faɗa masa!" sai ka ce gardama aka yi ta ci. Matan unguwa suka riƙa shigowa, kowacce ta ce, "Allah ya yafe masa." Ban ji wadda ta ce mutumin kirki ne ba, kuma na kasa kunne sosai.

Da aka shirya shi aka fito da shi ƙofar gida, limamin unguwa ya aiko cewa ƙafarsa na ciwo, wani daga dangi ya ja sallar. Ƙafar da ta kai shi masallaci da azahar. Kowa ya gane. Baba ya wuce gaba ya ja sallar. Ni ina leƙe ta tsagin ƙyauren zaure, a kore ni in dawo. Sahun bai cika faɗin gidanmu ba. Can bakin layi kuwa motoci ne a jere, Marsandi da Fijo, gilasai a rufe, abokan wasan Bappa a ciki. Ba su fito ba sai da aka yi sallama, sannan suka taho da manyan riguna suna miƙa wa Baba hannu. Mutum ɗaya ne cikinsu ya tsaya a rana tun farko har ƙarshe, hula a hannu, ɗan nesa da sahu don shi ba Musulmi ba ne. Baban Tasha ke nan, Ibo, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa.

Ana dawowa daga maƙabarta Baba ya ja ni gefe. Babba a cikin masu motocin nan, wanda ake kira Sakatare, ya yi mini alkawarin aikin tafireta a ofishinsa tun da na gama sakandare, ana jiran ya sa hannu ne kawai.

"Ki riƙe bakin nan naki," in ji Baba. "Sakatare zai shigo gaisuwa ran uku. Aikinki yana hannunsa."

Na ce, "To sunan Bappa kuma yana hannun wa?"

Ya dube ni, ya wuce wajen masu gaisuwa.

Bari in fara da abin da kowa ke raɗa. E, Bappa yana sha. Wiski yake sha. Ba zan ce magani ne likita ya rubuta masa ba. Haram ce, ya sani, na sani, kuma ita ta cinye masa hanta. Wanda ya zo nan don ya ji na wanke shi tas, ya yi haƙuri.

A ofishin auduga ya yi aiki tun zamanin Turawa. Wani Bature da ya rasa abokin wasa ya koya masa darar tasu, wadda suke kira ces, ya riƙa shigar da shi kulob ta ƙofar baya. Da darar da kwalbar tare suka shigo hannunsa. Da aka samu mulkin kai kulob ya dawo hannun namu, ya riƙa shiga ta ƙofar gaba, ba a jima ba ya zama ba mai iya cinsa a garin nan. Abokansa suka sa masa Sarkin Dara. Shi ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunaye da Hausa don in gane: sarki, sarauniya, doki, soro, liman, sai talakawa a jere a gaba. Ya ce mini, "Duba da kyau, Uwata," don sunan mahaifiyarsu nake ɗauke da shi, "sarki shi ne mafi lalaci a kan allon nan, taki ɗaya yake yi ya huta. Talakawa su ake fara turawa, kuma ba su da izinin komawa baya." Goggo ta taɓa ganin kawunan dawakan ta ce gumaka ne, mala'iku ba za su shiga gidan ba. Bappa ya ce, "Ai ke kina shigowa, ya ishe mu."

Doka ɗaya yake da ita wadda bai taɓa sassautawa ba, ko ga yarinya mai hawaye: abin da ka taɓa, shi za ka tafi da shi. In yatsanka ya sauka a kan doki, dokin nan zai motsa ko da cikin rami zai faɗa. Sau nawa na yi kuka ina cewa kuskure ne, yana dariya yana cinye mini sarauniya. Ban taɓa cinsa ba. Ya ce ina da ido, haƙuri ne babu. Har yau babu.

Ran Asabar bayan la'asar yake yin abin da yake kira haɗi, su Bature suna ce masa koktel. Yana da firjin kananzir don ƙanƙara kawai. Zai jiƙa tsamiya, ya daka citta, ya matse lemon tsami, ya zuba wiski a kai cikin wani tsohon fulas, ya girgiza kusa da kunnensa kamar mai sauraren rediyo. Akwai mai zaƙi, akwai mai ɗaci wanda ba suga ko kaɗan. Al'adarsu ce, duk wanda aka ci wa sarauniya shi zai shanye mai ɗacin a tsaye, sauran na yi masa tafi. Na sha ganin Sakatare a tsaye da fuska a yamutse.

To, ga inda magana take.

Da kuɗin fetur suka shigo, abokan Bappa suka tashi sama kamar an hura su. Wannan ya samu kwangilar hanya, wancan ya zama dillalin siminti, Sakatare aka ƙara masa kujera. Duk suka je Makka suka dawo da haƙorin zinare. Kulob ya zama wurin da bai kamata a ga motar alhaji ba, ga kuma ana ta raɗe-raɗin siyasa za ta dawo, kowa na lallaɓa sunansa. Amma darar ba su bari ba, abin shan ma ba su bari ba. Sai suka dawo da zaman gidanmu, ƙarƙashin dogon yaro, bayan zaure. Sakatare da kansa ya kawo wata butar shayi ta tangaran mai zanen fure da kofuna masu bakin zinare, tsarabar Makka. A cikinta ake juye wiskin. Launinsu ɗaya da baƙin shayi. In wani ya yi sallama ya leƙo, sai ya ga dattawa huɗu da carbi a wuyan hannu suna kurɓar shayi suna tunani a kan allo.

Wayonsu bai kai su tuna cewa shayi yana tururi ba. Kuma ba wanda ke jefa ƙanƙara a shayi. Yadikko ce ta sa masa suna, ta ce, "Masu shayin da ba ya tururi sun iso, a ɗebe tabarmar sallah daga wajen."

Bappa ya ƙi kofin. Tambulan ɗinsa na gilashi ya ci gaba da riƙewa, ana ganin abin da ke ciki tun daga bakin zaure.

"Haba Sarkin Dara," in ji Sakatare, "ka rufa mana asiri mana. Me zai rage ka in ka sha a kofi?"

"Wa za mu ɓoye wa, Alhaji? In mutanen layi ne, sun san ni. In kuwa Allah ne, ban ji an ce ba ya ganin cikin buta ba."

"Kai dai ba ka da kunya."

"Ina da ita. Shi ya sa ba na haɗa ta da ƙarya. Taɓa dokinka ka yi, tafi da shi."

Suka yi dariya, aka ci gaba da wasa. Kuma wa ke zuwa saye? Ba za a ga Marsandi a ƙofar shagon giya ba. Basfar Bappa ake gani, duk Asabar, da kwali a ɗaure a baya, na mutum huɗu. Gari ya ga kwali, gari ya ce Bappa shi kaɗai ke shanye wannan duka. Haka ya zama mashayin Jekadafari, su kuma suka zama alhazan da ke zuwa yi masa nasiha. Wallahi na ji da kunnena wata mata tana yabon haƙurinsu.

Baban Tasha kaɗai ke taya Bappa riƙe tambulan. Shi addininsa bai hana shi ba, kuma tsakaninsu akwai abin da ya fi sha. Lokacin tashin hankalin nan na kafin yaƙin basasa ina ƙarama, amma ban manta ba. Bappa ya shigo da shi da matarsa da 'ya'yansu cikin motar auduga, a rufe da buhuna, ya sa su a ɗakin Yadikko. Wasu samari suka zo ƙofar gida da sanduna. Ya fito ya zauna a bakin zaure, ya jera dararsa, ya ce wanda zai shiga gidan nan sai ya fara cinsa wasa. Ya kira kowannensu da sunan ubansa, ya tambayi lafiyar gida. Suka yi ta tsaye-tsaye har suka watse. Bayan yaƙi Baban Tasha ya dawo a rame, ɗa ɗaya babu. Ya tarar da gidansa a share, Bappa ya hana kowa shiga. Ba su rungumi juna ba, ba su yi dogon zance ba. Bappa ya ce, "Kai ne da farare, kai za ka fara," ya juya masa allon dara.

Wannan ba wanda ya ambata ranar jana'iza.

Kada a ce na manta da abin da shansa ya jawo mana. Yadikko in ta kai abinci gidan suna, sai a ture kwanonta gefe a ce an ƙoshi. Ni a makaranta 'yar gidan kwalba ake ce mini. Wata ran hutu na dawo gida da wannan sunan yana mini zafi, na same shi shi kaɗai yana nazarin allo, na ɗauki kwalbarsa na tuttular a magudanar ruwa a gabansa.

Na ce, "Kai kake jin daɗi, mu muke shan kunya! Ko dai ka bari, ko ka sha a kofi kamar su, a bar mu mu huta!"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na farkon kin yi gaskiya, Uwata, kuma na kasa. Na gwada, na kasa. Na biyun kuwa, kada ki sake roƙona shi."

"To ka faɗa wa mutane ba kai kaɗai ba ne!"

"Baƙina ne."

Iyakar amsar ke nan. Baƙinsa ne. Na yi kwanaki ba na gaishe shi, shi kuma kullum sai ya jera allo ya bar mini gefen farare, ya zauna yana jira. Ni na gaji na zo na zauna. Ya cinye ni, bai ji tausayina ba ko kaɗan.

Da ciwon ya kama shi sosai, idanu suka yi rawaya, ciki ya kumbura, likita ya ce ko ɗigo kada ya ƙara. Ba mai zuwa sayen kwali, don haka ba shayi. Ba shayi, ba alhazai. Suka fara da aiko direba da lemo, daga baya direban ma ya ɓace. Baban Tasha ne ke zuwa kullum da yamma a kan kekensa, ya ɗora allo a kan gado. Da hannun Bappa ya fara rawa, sai ya riƙa faɗa da baki ana tura masa. Ran nan na ji yana cewa, "Kai, kada ka bar mini wasa don ina mutuwa. Na ga abin da ka yi da soron nan." Baban Tasha ya ce, "Wa zai bar maka? Tsufa ne ya kama ni." Yana faɗa yana share ido da bayan hannu.

Ran uku ta zo. Sakatare ya shigo cikin gida gaisuwar mata, da babbar riga fara sol, turarensa ya riga shi shigowa. Aka shimfiɗa masa darduma. Tsakar gida cike da mata, Yadikko a ƙofar ɗakinta cikin kayan takaba, kai a sunkuye. Ya yi addu'a mai tsawo. Ni ina gefe, na cije leɓe, ina tuna tafireta. Da a nan ya tsaya, da yanzu ina ofis.

Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Allah ya sani mun yi iya ƙoƙarinmu a kansa. Duk Asabar muna nan, ba irin wa'azin da ba mu yi masa ba. To, shiriya ta Allah ce. Allah ya sa ciwon nan ya zama kaffara."

Mata suka ce, "Amin, Alhaji. Allah ya saka muku."

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, a kawo maka shayi?"

Ya ce, "A'a 'yata, alhamdu lillahi."

"Butarka tana nan ai, da kofinka mai bakin zinare. Ƙanƙara biyu kake so, ban manta ba. Sai dai mai zuwa sayo muku wiskin ne ya mutu, ban san wa za ku aika yanzu ba."

Carbin hannunsa ya tsaya. Goggo ta taso ta kwashe ni da mari, ta ce, "Aljanu ne! Tun rasuwar nan ba ta cikin hankalinta!" Sakatare ya miƙe a hankali, ya gyara riga, ya yi murmushi har haƙorin Makka ya bayyana. Ya ce, "Ba komai, yarinya ce, zafin rashi ne. A yi mata addu'a." Ya fita ana ba shi haƙuri har zaure.

Aiki dai ya tafi, ba sai an faɗa ba. Wata ta samu, na ji ma ba ta iya rubuta sunanta daidai. Baba bai zage ni ba, ya ce kawai, "Kin huta?" Marin Goggo ya huce kafin magariba. Abin da bai huce ba shi ne na Yadikko. Na zaci ita ko ba ta gode mini ba za ta ji sanyi. Da mata suka ragu ta kira ni ɗaki, ta ce in rufe ƙofa.

Ta ce, "Kin san sau nawa na roƙe shi ya faɗa wa mutane ba shi kaɗai ke sha ba? Na yi kuka, na yi yaji. Ya ce mutumin da ya zauna a inuwar gidansa ba zai ji sunansa a bakin mutanen gidan ba. Ya riƙe wannan har ya mutu da shi. Ke kwana uku kika kasa."

Na ce, "Yadikko, ƙarya fa yake yi masa, a gidansa, a kan dardumarsa."

"Na ji. Da can ma ina ji. Ke kika fara jin zafi?"

Har yanzu ban ce na yi kuskure ba, kuma ban ce ta yi ba. Na san dai da Bappa yana nan da ransa ya ɓaci da ni, wannan kuwa ya fi rashin aikin ciwo.

Kuma me na samo masa? Kafin mako ya zagayo labarin ya gama unguwa, amma ba labarin buta ba. Labarin 'yar gidan kwalba ce da ta yi wa dattijo rashin kunya a zaman makoki, ga irin tarbiyyar gidan mashayi. Maimakon in sauke masa kaya, na ƙara masa wani.

Ran sadakar arba'in Sakatare ya aiko da rago da buhun shinkafa, ya zo da kansa ya zauna a gaba. Ƙafar liman ta warke. Layinmu ya cika har bakin titi, mutanen da suka zo cin ragon nan sun ninka waɗanda suka tsaya bayan gawar. A nan aka sanar cewa marigayi ya tuba kafin ya cika, albarkacin nacin abokansa na gari. Aka yi kabbara. Yanzu har an fara ce masa Malam.

Ni ina ɗakin lokacin da ya cika. Ya yi kalmar shahada, na ji da kunnena. Abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa ban sani ba, su ma ba su sani ba, don ba su nan. Wannan Malam ɗin da suka ƙera ban san shi ba, ba shi ya goya ni ba. Wanda ya goya ni ya sha giya, ya san laifi ne, bai taɓa kiranta da wani suna ba. Ya tsare ƙofarsa ranar da maza suka kulle nasu. Ya ɗauki kunyar mutum huɗu a bayan basfa bai ce uffan ba. Shi nake so a tuna, da laifinsa da komai.

Ban rubuta sunan kowa a nan ba. Ba don su ba, don shi ne. Iyakar biyayyar da ta rage da zan iya yi masa ke nan, kuma wallahi da ƙyar na yi ta.

Allah ka jiƙan Bappa, ka yafe masa abin da ya yi a gaban kowa. Sauran kuma ka san inda suke zaune.